Abin da Na Gani a Gindin Tsamiya

Makon jiya jikana ya goya ni a babur zuwa likita a Tasawa, saboda gwiwar nan da ta hana ni durƙuso. Mun baro Korgom da hantsi, iska na kaɗa mini mayafi, sai hanya ta yi wata lanƙwasa da jikina ya sani tun kafin idona ya gane. Na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya zaci jiri ne ya kama ni. Na sauka ina waige-waige kamar wadda ta yar da ɗan kunne cikin rairayi. Tsamiyar ba ta nan. Ko kututturenta ba a bari ba. A inda take an kafa rumfar kwano, an jera kwalaben isansi, wato man fetur, a kan tebur, rana na ratsa su sun yi ja kamar zuma, wani mutum kuma yana gyangyaɗi a tsakiyar igiyoyin cajin waya. Jikana ya ce, "Dada, mi kike nema?" Na ce masa inuwa. Ya yi dariya ya nuna mini rumfar kwanon, na hau muka ci gaba. Amma tun daga ranar ban cika zama cikin wannan zamanin ba. Ina tankaɗe ko ina jan carbi, sai in tsinci kaina can baya.

A arewa aka haife ni, wajen Issawane, inda ƙasa ta fi bushewa sama kuma ta fi faɗi. Idan na rufe ido, ƙuruciyata da sauti take zuwa mini. Kukan maruƙa a dangwali tun gari bai gama wayewa ba. Tsirtuwar nono cikin ƙwarya, siririya mai ƙara da farko, sannan ta yi laushi idan kumfa ta taso. Gurnanin igiya a kan gungumen bakin rijiya, wanda igiyoyin kakanninmu suka sassaƙe har ya yi tsaga-tsaga kamar tafin hannun tsoho. Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, sai bijimin da ke jan wasaki ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin ruwa ya fito, mu kuma ƴan mata mu zauna a kan tulunanmu muna kitsa wa juna kai muna jira. Ba mu san jira muke yi ba, mu a ganinmu rana ce kawai take tafiya. Yanzu an kafa famfo mai aiki da hasken rana a wurin, ka murɗa ruwa ya zubo, kowa ya cika jarkarsa ya wuce ba tare da ya san wadda ke bayansa ta haihu ko ta yi ɓari ba. Ba na zagin famfo, wuyana ya san nauyin tulu. Sai dai a bakin rijiya aka koya mini sauraro, ban san inda ƴan matan yanzu suke koyonsa ba.

Na yi aure ina so ana so na. Ba zan faɗi sunan mai gidana ba. Ban faɗa yana raye ba, ba zan fara yanzu da yake kwance ba. Dogo ne, mai ƙarancin magana, idan ya yi murmushi sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Amma yana da kira. In ya ɗora hannu a kunne ya saki muryarsa da la'asar, shanun da suka bazu har bayan tudu sai su ɗaga kai lokaci guda, wata jar saniya mai karkataccen ƙaho ta shige gaba, sauran su biyo ta a jere. Nakan tsaya da ludayi a hannu ina kallo har fura ta sandare. Uwarsa, wadda nake kira Goggo, ita ta koya mini daskarar da kindirmo. Takan ce in wanke zuciyata kafin in wanke ƙwarya, don nonon da aka tatsa cikin fushi tsinkewa yake yi. Ubansa kuwa, Baffa, bai yi nisa ko a karatun allo ba, amma ƙasa a wurinsa takarda ce. Ya dubi sawu ya ce maka raƙumi ne mai ɗauke da kaya, gurgu a ƙafar baya, ya wuce kafin raɓa ta bushe. Ban taɓa ganin an ƙaryata shi ba.

Da damina muna arewa. Idan aka yanke gero sai mu naɗe bukkoki mu ɗora wa shanun dako, mu gangaro kudu zuwa gonakin Korgom, shanu su ci kara su bar wa manoma taki. Kowane gida na da gonar da yake sauka tun kaka da kakanni. Matan gari su tarye mu da tuwo, mu ba su man shanu, a tambayi wanda ya mutu da wanda aka haifa. A wannan lokacin ne nake ɗora ƙwarya a gammo in fita bakin hanyar Tasawa, in zauna gindin tsamiyar nan ina tallan fura da nono. Hanyar jar ƙasa ce a lokacin, mota ba ta wuce ƙidayar yatsu a yini ba. Sauran duk amalanke ne da jakuna da masu tafiyar ƙasa. Tsamiyar tana da wani irin sanyi, ƙananan ganyenta na zubowa a kan faifai ɗaya bayan ɗaya, kurciyoyi na kuka a sama har barci ya riƙa fizgar mutum.

A nan na san Dipite, wakilin yankinmu a majalisa. Ɗan manoma ne, ya daɗe yana mushe a lakkwal, wato malami a makarantar boko, kafin mutane su tsayar da shi, shi ya sa tsofaffi ba su daina kiransa Mushe ba. Gajere ne mai tumbi kaɗan, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya wuce tsamiyar nan bai tsaya ba. Ya sauko daga mota ya tsuguna kamar kowa, ya gaishe ni da Fulatancinsa karyayye, in rufe baki da mayafi ina dariya, shi kuma ya ce, "Yi dariyarki, ɗiyata, wata rana sai na fi ki iyawa." A shekarun nan wasu manya daga birni suka fara zagaye daji da waya mai ƙaya. Burtalin da shanunmu ke bi tun daga Issawane, wanda garke biyu kan gifta juna a cikinsa, ya riƙa tsukewa har ya koma kamar hanyar tururuwa. In saniya ta kauce ta faɗa gonar talaka, sai faɗa, mu da mutanen da muka ci tuwonsu jiya. Dipite ya ce shi ba zai zuba ido ba. Ya zo da doguwar igiya da tsofaffin gari da tsofaffin ruga, suka bi burtalin taku-taku suna kafa duwatsu, duk inda waya ta shigo ya rubuta sunan mai ita a littafinsa. An ce ya tashi a majalisa ya karanta sunayen da babbar murya. Mu dai ba mu je ba, a rediyon mai shayi aka ji.

Ranar da abin ya faru babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Sama fes, an gama yankan gero, saura wake a wasu gonaki. Da hantsi wata farar mota ta wuce wajen Korgom a hankali, ba da jimawa ba ta dawo ta tsaya nesa kaɗan da tsamiya. Mutum biyu suka fito, na uku ya zauna a ciki. Riguna irin na kowa ne a jikinsu, amma da yake ni a zaune nake, ƙafar mutum nake fara gani: baƙaƙen takalma ne masu wuya, masu igiya har ƙauri. Ɗayan ya ce, "Ke mai nono, Dipite ya wuce?" Hausarsa ba ta nan ba ce, tana da wani tauri. Na ce ban gan shi ba yau. Na buɗe faifai na ce ko za su sha. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya juya suka koma mota. Da motar ta tashi na lura inda ake liƙa lamba a bayanta fayau yake, sai ramukan ƙusa guda biyu. Ban kawo komai a raina ba. Na kori ƙuda na rufe nonona.

Dab da azahar sai ga Dipite, shi kaɗai, yana tuƙa kansa. Na ce, "Mushe, ina direba?" Ya ce an aiko da safe wai ana neman direban a biro, ofishin hukuma, a Tasawa, shi kuma ba zai zauna jira ba. Ya tsuguna, na dama masa, ya sha yana lumshe ido. Na ce masa wasu baƙi sun tambaye shi. Ya ce, "Su wa?" Na ce ban san su ba, masu farar mota. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan ya ce, "To, in suna nemana ai hanya ɗaya ce." Ya ɗaga ƙwaryar ya shanye, har farin nono ya kwanta masa a gashin baki. Ya tambayi Goggo da ciwon ƙirjinta, ya ce in gaya wa Baffa duwatsun burtali sun kusa kaiwa arewa. Ya shiga mota ya ɗaga mini hannu.

Ban gama ɗauraye ludayi ba na ji ƙara daga bayan lanƙwasar hanya, inda sabara ta yi duhu. Kamar ana fasa busasshen icce, sau uku, sannan sau ɗaya. Kurciyoyin tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Na miƙe tsaye da ludayi a hannu. Sai ga farar motar ta fito a guje ta wuce ta gabana, na kusa da taga ya kau da fuskarsa. Daga nan komai ya yi tsit, irin shirun da kake jin bugun jininka a kunne.

Mai gidana yana kiwo a gonar da ke kusa da wurin. Shi ya fara isa. Da na kai, na iske shi zaune a tsakiyar hanya, kan Dipite a cinyarsa, ƙofar mota a buɗe, injin bai mutu ba. Farar rigar da na wanke wa mai gidana shekaranjiya ta rine har ƙasa. Bai yi kuka ba, yana dai riƙe da kan. Mutane suka fara taruwa daga gonaki. Baffa ya iso da sandarsa ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada a tattake ƙasa. Ya zagaya a sunkuye, a hankali, kamar mai neman allura. Ya nuna inda mota ta fake cikin sabara har mai ya ɗiga daga cikinta. Ya nuna sawun mutum biyu, takalma masu haƙora, ɗaya yana taka dugadugin hagu da ƙarfi. Ya ce sun daɗe a tsaye, ga guntayen taba har biyar. Sannan ya tsinci wani ɗan kwanson ƙarfe ja, tsawon gaɓar yatsa, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Da masu kaki suka iso da la'asar, ya kwance ya miƙa wa babbansu da hannu biyu. Mutumin ya jefa a aljihu ya ce an gode. Motarsu kuma a kan sawun nan suka tsayar da ita.

Kwana uku bayan an yi jana'iza masu kaki suka zo ruga da hantsi, ina tsakiyar tatsa. Suka ce mai gidana ya zo ya ba da shaida, da yamma zai dawo. Suka ce a kawo rigar. Ni da hannuna na ɗauko ta daga inda na jiƙa, na matse na naɗe na ba su. Har yau idan na tuna da hannuna na ba su, sai in ji yatsuna sun yi sanyi. Yamma ta yi, jar saniya ta kawo garke bakin ruga da kanta ta tsaya tana kallon hanya.

Gari ya ɗauki zafi a kan kisan, ɗalibai suka fito a birane, sai gwamnati ta ce ta naɗa kwamitin bincike, babu wanda za a rufa wa asiri. Na yi murna da na ji. Na ce wa Goggo ai shi ke nan, manya za su zo su ji. Bayan wata biyu aka kira ni Tasawa. Ban taɓa shiga biro ba sai ranar. Ɗaki ne mai sanyi, fanka na juyawa a sama kamar shirwa, mutum uku a bayan dogon tebur da kwalaben ruwa a gabansu, wani a gefe yana buga injin rubutu. Da Faransanci suke magana, aka tsayar da tafinta a tsakaninmu, wani mai ƙamshin turare. Na ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalmina. Na faɗi farar mota, da ramukan ƙusa, da takalma masu wuya, da direban da aka janye da safe, da kwanson da Baffa ya miƙa. Na yi magana tsawon tatsar saniya biyu. Tafinta ya juya ya faɗa musu cikin numfashi ɗaya, injin ya yi ƙas-ƙas kaɗan ya tsaya.

Na ce, "Malam, duka ka faɗa?"

Ya ce, "Nasaranci ba shi da tsawo kamar Hausa."

Na tsakiya ya yi tambaya. Tafinta ya ce, "Ana tambaya, mijinki yana da fushi?"

Na ce, "Ko akuya bai taɓa duka da fushi ba."

"An ce an ci ku tara bara a kan ɓarnar gona."

"An ci mu. Dipite ne ma ya raba rigimar."

Ya juya ya faɗi wani abu gajere, su ukun suka gyaɗa kai, injin ya daɗe yana ƙas-ƙas. Aka kama babban yatsana aka dangwala a tawada aka danna a ƙasan takarda. Na ce a kira Baffa, yana waje tun safe a gindin bango. Aka ce lokaci ya ƙure, gobe. Kwana huɗu muna zuwa da shi, goben ba ta zo ba. Tawadar ta yi kwanaki a yatsana, na goge da toka, na goge da tsamiya, tana nan.

Sakamakon a rediyo muka ji shi, a rumfar mai shayi a Korgom, damina ta kusa. Aka karanta da Faransanci, sannan da Hausa. Wai bincike mai zurfi ya tabbatar babu hannun siyasa. Wai wani makiyayi ne mai riƙe da haushin tara ya yi kwanton ɓauna, da abokansa da suka tsallake iyaka, an kuma same shi da jinin mamaci a rigarsa. Ba a ambaci mota ba, fara ko baƙa. Ba a ce ga bindigar ba. Ba wanda ya tambayi wa ya aika kiran direba, direban ma an ce an mai da shi aiki can gabas mai nisa. Littafin da Dipite ke rubuta sunaye a ciki, wanda na gani da idona a kan kujerar motarsa ranar, ba a sake jin labarinsa ba. Da aka gama karantawa mai shayi ya kashe rediyo, ba wanda ya dube ni. Wani tsoho manomi, wanda muke sauka a gonarsa, ya tofar da goro ya ce, "Mutumin da bai iya harbin zabo ba." Iyakar abin da aka ce ke nan. Mutane suna da ƴaƴa, kowa ya ga abin da aka yi wa mai babbar murya.

Damina huɗu ya yi a gidan kaso. Shekarun nan a raina kamar mafarki suke, irin wanda kake tafiya ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Na yi tatsa, na yi kaɗi, na yaye ɗiyata ta fari. Mun hau arewa mun gangaro kudu. Duwatsun burtali suka riƙa ɓacewa ɗaya-ɗaya, waya ta dawo ta wuce inda take da. Wasu matan gari suka daina sayen nonona, wasu kuma suka riƙa saye fiye da abin da za su iya sha, ba su taɓa ce mini don mi ba. Baffa ya daina duban ƙasa. Ko raƙumi ya ɓata aka zo nemansa, sai ya ce idonsa ya mutu, alhali yana zura zare a allura. Ya rasu a damina ta uku. Ni kuwa idan ina kaɗa nono sai in riƙa kaɗa tambayoyin nan tare da shi. In ce ko ni ce ban iya faɗa ba. In ce ko da na riƙe Dipite da hira, ko da na kama rigarsa na ce kada ya bi hanyar nan. Har na kai ga tambayar kaina ko na ga farar motar da gaske, tunda manya masu ilimi sun zauna wata da watanni ba su gan ta ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, a ce mutum ya fara shakkar idonsa.

Da mulki ya canza hannu, wata safiya aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Ya iso ruga a ƙasa, ya rame, haƙoransa biyu babu. Da la'asar ya fita bayan bukka ya ɗora hannu a kunne, ina leƙensa. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta mai mura. Jar saniya ta riga ta mutu, ƴaƴanta ba su san shi ba, suka ci gaba da kiwonsu. Ya sauke hannun ya dawo ya zauna. Bai taɓa ba ni labarin cikin kaso ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar kisan ma ba mu taɓa zancenta ba. Muka zauna da ita a bukka ɗaya kamar baƙon da ba a san yarensa ba.

Ƴan zamanin nan suna da waya a hannu, abu na faruwa sun ɗauki hotonsa, kafin magariba ya kai ko'ina. Wani lokaci nakan ce da a ce ina da irinta ranar nan. Sai kuma in ga yadda suke gardama a kan hoton ma, wannan ya ce gaskiya ne, wancan ya ce haɗawa aka yi, kwana biyu a manta a kama wani. An sake kafa kwamitoci tun daga lokacin, a kan wasu mutanen, ina jin su a rediyo. Da na ji an ce bincike mai zurfi sai in tashi in duba tukunya.

Shekara biyu da dawowarsa, da kaka, muna gonar tsohon manomin nan, sai ga amalanke ya tsaya a bakin ruga da hantsi. Wata mace ta sauko, ta manyanta, cikin baƙin mayafi, ba rakiya sai mai amalanken. Ta yi sallama ta ce ita ce matar marigayi Dipite. Na yi mata maraba. Na shimfiɗa mata tabarma. Mai gidana yana gyaran igiya a gindin kalgo, ya tashi zai bar wurin, ta ce, "Don Allah, Malam, zauna. Wurinku na zo ku biyu."

Ta ce an kawo mata rahoton kwamitin har gida, mai kauri, da tambari. Ta yi lakkwal, ta karanta shi sau uku. Ta ce a ciki an rubuta cewa mai tallan nono ta shaida ba ta ga kowa a hanya ba ranar.

Na ce, "Hajiya, wallahi ba haka na ce ba."

Ta ce, "Shi ya sa na zo. Faɗa mini da bakinki."

Na faɗa. Tun daga hantsi har la'asar, ban tsallake ko ramukan ƙusa ba. Ba wanda ya tsaya tsakanina da ita, ba wanda ya ce lokaci ya ƙure. Ta saurara idonta a kan tabarma. Da na zo kan takalma ta gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da sani. Na zaci za ta tambaye ni kamanninsu, ko ta ce mu je birni a sake tayar da magana. Sai ta ce, "Ya sha furar?"

Na ce, "Ya shanye tas. Har a gashin bakinsa."

Ta ce, "Bai karya ba ya fita ranar. Na yi ta fama da shi. Shekara shida ina tunanin da yunwa ya tafi."

Sannan ta juya wajen mai gidana. Ta ce, "Malam, an ce a hannunka ya cika. Ya yi magana?"

Ya daɗe yana murza igiyar nan. Na ɗauka ba zai amsa ba. Ni kaina ban san ya yi magana ba, kwamiti ma ba su tambaya ba, su riga kawai suka tambaya. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ya yi."

"Mi ya ce? Ya faɗi sunan wani?"

"A'a. Ya buɗe ido ya gane ni. Ya ce, kai, wa ka bar wa shanu? Maza koma, kada su shiga waken mutane." Ya ajiye igiyar. "Ban koma ba. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa."

Hajiya ta yi wani sauti, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, sannan ta zama kukan. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, tana girgiza kai, hawaye na bin haɓarta.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Duk takardun nan babu shi a ciki, sai yau na same shi."

Mai gidana ya ja rawani ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Mai amalanke ya juya baya yana duban gona. Na bar su a haka, na tashi na hura wuta, don na ga alama baƙuwarmu za ta wuni.